Amai Da Gudawa: Kada Ku Hana Majiyyaci Ruwa

Jama'a, ku saurara. Ciwon nan na amai da gudawa, wanda likitoci ke kira kwalara, ba yau ya fara ba. Annobar da ta ke yawo a duniya har yanzu ta tashi ne daga ƙasar Indonesiya a 1961, ta iso Afirka ta Yamma a 1970. A 2021 kaɗai an ƙidaya mutum fiye da 100,000 da a ke zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu. Jihohin Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara suna cikin waɗanda suka fi shan wuya.

Ba iska ke kawo shi ba, ba kuwa sammu ba ne. Wata ƙwayar cuta ce, ido ba ya ganinta, tana fitowa cikin bayan gidan wanda ya kamu. In an yi bayan gida a fili, ruwan damina ya kwashe shi zuwa rijiya ko tafki. Ƙuda kuma ya ɗauka ya sauka a kan tuwo. Mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayar ba su sani ba, don ba ta kwantar da su ba.

Alamarsa gudawa ce fara, tsululu, kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Idanu su faɗa, baki ya bushe.

To, ga kuskuren da ya ke cinye rayuka. Waɗansu sukan ce in an ba majiyyaci ruwa gudawar za ta ƙaru, sai su hana shi. Alhali ƙarewar ruwan jiki ita ke kisa, wani lokaci cikin sa'o'i kaɗan. Waɗansu kuma sukan ɓoye shi a ɗaki don kunya. Ciwo ba abin kunya ba ne.

Da zarar gudawa ta fara, ku tafasa ruwa lita 1, ya huce. Ku zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokali, kowane cokali a shafe bakinsa. In akwai ƙunshin ORS na ɗakin magani, ya fi. Ku riƙa ba shi kaɗan kaɗan. In ya yi amai, ku dakata minti 10, ku ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni a zubar, a haɗa sabo. Uwa kada ta janye wa jariri nono. Ku kama hanyar asibiti nan da nan, kuna ba shi yana sha. In an sami magani da wuri, a cikin mutum 100 da ƙyar a rasa ɗaya.

Maigida, ka haƙa masai nesa da rijiya, ka yi masa murfi. Uwargida, ki tafasa ruwan sha, ki rufe randa, ki ware mata moɗa guda. Kowa ya wanke hannu da sabulu bayan ya zaga, da kuma kafin cin abinci. In an yi rashi, ku nemi shawarar ma'aikatan lafiya kafin wankan gawa, don ita ma tana yaɗa ciwon. Ku sanar da dagaci tun mutum na farko.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu, amin.