Hannun Ƙarfe Mai Karkarwa: Maganin Yana Cikin Lissafi

Mu a nan, idan za mu yaba wa na'ura, sai mu ɗaga ta mu ji nauyinta, mu ce wannan kam tana da ƙarko. Ni ma da wannan tunani na tashi, har sai da na karanta tarihin Canadarm, dogon hannun mutum-mutumin da ƙasar Kanada ta ƙera wa kumbon Amurka, wanda ya fara aiki a sararin samaniya a 1981. Tsawonsa ya kai mita 15, nauyinsa kuwa bai wuce kilo 410 ba, domin kowane kilo da za a harba sama kuɗi ne mai yawa. Saboda rashin kaurinsa, a doron ƙasa ko kansa ba ya iya ɗagawa, amma a can sama shi ne ya saki madubin hangen taurari na Hubble a 1990.

Sai dai mai karatu ya san halin abu dogo marar kauri. Duba sandar mai ga-ruwa da ya rataya garwa biyu: ko ya tsaya cak, sandar ba ta tsayawa nan take. Haka wannan hannu yake. Injin da ke gwiwarsa zai tsaya, amma bakinsa ya ci gaba da lilo, ga shi babu iskar da za ta rage masa kuzari. Dole 'yan sama jannati su dakata har ya natsu kafin su kama ko su ajiye kaya, domin kuskure kaɗan na iya jawo karo.

Magani mafi sauƙi shi ne a ƙara wa hannun kauri, amma hakan na ƙara nauyi da cin wuta da tsada. Maganin da ya burge ni shi ne wanda Farfesa Otto Smith na Jami'ar Kaliforniya ya kawo tun 1957. Kowane abu mai lanƙwasa yana da tsayayyen lokacin da yake ɗauka ya je ya dawo. To, maimakon a ba injin umarnin tafiya gaba ɗaya, sai a raba umarnin gida biyu: a ba shi kashin farko, a jira rabin wancan lokaci, sannan a ba shi na biyu. Lilon da na biyu ya haifar sai ya ci karo da na farko, su kashe juna.

Dabarar tana da rauni guda. Idan nauyin kayan ya sauya, lokacin lilon ma ya sauya, lissafin sai ya kauce. A 1990, Neil Singer da Warren Seering na cibiyar fasaha ta MIT suka nuna cewa raba umarnin gida uku yana jure irin wannan kuskure, ko da yake tafiyar kan ɗan ƙara jinkiri. Wasu injiniyoyin kuma kan liƙa na'urorin da ke jin lanƙwasar hannun, su sanar da kwamfuta ta gyara motsin nan take. A yau ana amfani da rabon umarnin nan a injunan ɗaga kaya, har da ƙananan injunan da ke buga kayayyaki daga zanen kwamfuta.

Abin da nake so shugabannin tsangayoyin injiniya na jami'o'inmu su lura da shi ke nan. Kullum kukanmu shi ne babu kayan aiki, kuma gaskiya ne. Amma wannan fanni ba ya neman masana'antar ƙarfe kafin a fara. Da siririn ƙarfe, da ƙaramin inji, da kwamfuta guda, ɗalibi zai auna lilon da hannunsa, ya kuma kashe shi da lissafinsa. Tun da injuna masu nauyi sai da dala ake sayo su, bai kamata mu yi sake da ilimin da alli da allo suka isa a koyar da shi ba. Allah ya sa mu gane.