Kullen korona a ƙasar Sin: ina gaskiya, ina ƙanzon kurege?

Tun ranar 23 ga Janairun 2020, da hukumomin ƙasar Sin suka rufe birnin Wuhan mai mutum wajen miliyan 11 har tsawon kwana 76, ake ta yaɗa maganganu biyu masu karo da juna. Wasu sun ce zaman gida ya zame wa Sinawa alheri, sun huta, sun koma girkin gida, iska ta yi tsabta. Wasu kuma sun rantse kullen ya fi cutar kanta kisa. Kowane ɓangare ya samo guntuwar gaskiya ya yi mata ƙari. Abin da hujjoji suka nuna shi ne kullen bai taɓa kowa daidai ba, nauyinsa ya faɗa ne a kan masu ciwon da ba ya jiran gobe.

A fara da maganar mace-mace, domin nan aka fi zuzutawa. Wani bincike da masana na hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar suka fitar a mujallar BMJ a 2021 ya gano cewa a watanni ukun farko na 2020, mutuwa a Wuhan ta haura abin da aka yi tsammani da kashi 56 cikin ɗari, kuma akasarin wannan ƙari daga korona da ciwon huhu ya fito. To, batun cewa kullen ya fi cutar kisa a lokacin bai tabbata ba. Sai dai binciken ya nuna mutuwar masu ciwon zuciya da ciwon suga ita ma ta ƙaru a birnin, lokacin da asibitoci suka cika maƙil kuma motocin haya suka daina zirga-zirga. A wajen Wuhan kuwa mutuwa ba ta ƙaru ba, har ma haɗarin mota ya ragu. Mai karatu zai iya cewa ai alƙaluman gwamnatin Sin ba abin dogaro ba ne, kuma yana da hujja, tunda a Afrilun 2020 Wuhan ta ƙara mutum 1,290 a kan adadin mamatan da ta bayar tun farko. Amma idan hukuma mai son rufa wa kanta asiri ta yarda masu ciwon suga sun mutu fiye da kima, to abin da ta amsa shi ne mafi ƙarancin ɓarnar.

Masu cewa Sinawa sun ƙara lafiya kan kafa hujja da Liu Genghong, mawaƙin nan ɗan Taiwan da kullen Shanghai na 2022 ya rutsa da shi, ya riƙa motsa jiki kai tsaye a manhajar Douyin, miliyoyin mutane suna bin sa suna tsalle a falonsu. Wannan ya faru. Amma tsallen sa'a guda ba ya maye gurbin tafiyar da ma'aikaci yake yi kullum zuwa tashar jirgin ƙasa, ko rawar da tsofaffin mata suka saba yi a dandalin unguwa da yamma. Girkin gida ma sai da cefane. A Shanghai, birni mai mutum miliyan 25 da aka kulle wata biyu, mazauna bene ɗaya sukan haɗa kuɗi ta manhajar WeChat su sayo kayan lambu a dunƙule, tsohon da bai iya latsa waya ba kuwa sai ya dogara da maƙwabta. Ta fuskar kwanciyar hankali kuma, binciken da cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta Shanghai ta yi a farkon 2020 a kan mutum sama da 52,000 ya samu kusan kashi 35 cikin ɗari suna cikin damuwa. Ta intanet aka yi shi, wanda ya ga dama ya amsa, don haka kada a ce kashi ɗaya cikin uku na Sinawa sun zauce.

Raɗe-raɗin cewa kulle ma'aurata a ɗaki ya jawo yawan haihuwa ƙarya ce tsagwaronta: jarirai miliyan 14.65 aka haifa a 2019, suka sauko zuwa miliyan 12 a 2020, sannan miliyan 9.56 a 2022.

Inda masu sukar kullen suke da gaskiya shi ne yadda aka tsaurara shi daga baya. A birnin Xi'an, a farkon Janairun 2022, wata mai juna biyu ta yi ɓari a ƙofar asibiti saboda takardar gwajinta ta wuce wa'adi, har aka hukunta jami'ai. Gobarar birnin Urumqi ta 24 ga Nuwamban 2022 da ta ci rai 10 ita ce ta fito da jama'a kan tituna suna zanga-zangar adawa da kullen, kuma ranar 7 ga Disamba gwamnati ta sassauta dokokin. Cikin makonni biyar da suka biyo baya, hukumomi suka sanar da mutuwar kusan mutum 60,000 masu korona a asibitoci kaɗai. Kullen ya jinkirta cutar, bai kawar da ita ba, kuma masu ciwon zuciya da ciwon suga da tsofaffi ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa.