Tsohuwar Mota Mai Gudu a Alƙahira: Kuɗin Saye Daban, Kuɗin Riƙewa Daban

Yau za mu ɗan ajiye wayoyi da kwamfutoci a gefe mu taɓa mota, don motar zamani ai kwamfuta ce mai taya huɗu. Tambayar da 'yan uwa ɗalibai da ke nan Masar suka fi turowa ita ce: kuɗin da zan zuba a Nissan Sunny ko Hyundai Elantra mai 'yan shekaru, ga tsohuwar BMW mai silinda shida ko Golf GTI a kusan wannan farashi. To me zai hana?

Amsata a taƙaice: mota mai gudu farashinta ne ke tsufa, amma kuɗin gyaranta ba ya tsufa. Motar da aka ƙera wa mai hali, ko ta shekara ashirin, kayan gyaranta na mai hali ne. Don haka tambayar ba wai ko kana da kuɗin saye ba. Tambayar ita ce, ranar da ta kawo maka gyara mafi muni, za ka iya biya ba tare da ka taɓa kuɗin makaranta ko na haya ba?

Kasuwar nan ba irin ta gida ba ce

A Kano ko Maraɗi mun saba da Beljiyam, motar da ta yi rabin rayuwarta a sanyin Turai kafin ta sauka Kwatano ko Legas. Masar ba ta barin 'yan kasuwa su shigo da motocin gwanjo haka barkatai. Saboda haka tsohuwar BMW da ka gani a Hatla2ee ko Dubizzle, ko a kasuwar motoci da ta tashi daga Madinat Nasr ta koma hanyar Ain Sukhna, mai yiwuwa duk shekarunta a zafin Alƙahira ta yi su. Wasu ma a nan aka haɗa su, don an daɗe ana haɗa BMW a birnin 6 ga Oktoba.

Na biyu, girman inji yana da haraji. Kwastam na karɓar kashi 40 cikin ɗari a kan motar da injinta bai wuce cc 1600 ba, wadda ta wuce kuma kashi 135. An cire wa motocin Tarayyar Turai wannan kuɗin tun Janairun 2019, amma sauran haraji da kuɗin sabunta lasisi har yanzu da girman inji suke hawa. Shi ya sa titin Alƙahira ya cika da masu 1600. Mai cc 3000 baƙuwa ce, kuma baƙuwar mota kayanta ba a kowane shago suke ba, mai sayenta daga hannunka ma ba kowa ba ne.

Tambayoyi uku da injiniya ke yi

Akwai wata hanyar auna haɗari da ake koya mana mai suna FMEA, wadda sojojin Amurka suka fara rubutawa a 1949, daga baya kamfanonin mota suka ɗauka. Kada sunan ya tsorata ka, tambayoyi uku ne kacal game da kowane ɓangare na na'ura. Yaya yawan lalacewarsa? In ya lalace, me zai ja? Kuma za a iya gane alamarsa kafin ya lalace?

Ta ukun nan ita ce mutane ke mantawa. Shakazoba takan mutu sau da yawa, amma za ka ji ta, za ka gan ta, kuma ba za ta kashe inji ba. Wannan ba abin tsoro ba ne, abin ciniki ne, a rage maka kuɗi kawai. Abin tsoro shi ne wanda ba ya sallama, yana zuwa sai dai ka ji inji ya yi nokin. Da wannan ma'auni za mu duba motocin.

Kowane inji da ciwon da ya gada

BMW 330i ta zubin E46 tana da injin M54 mai ƙarfin doki 231, ba turbo. Injin kansa jarumi ne. Rauninsa yana wajen sanyaya: tankin ruwa da bakin lagireto roba ne, kuma roba in ta sha zafi shekara da shekaru sai ta bushe ta tsage. Injin alminiyam ne, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa kansa. Sannan a leƙa ƙarƙashin bayan motar, inda aka ɗaure ƙafafun baya a jikin bodi, don E46 ta yi suna wajen tsagewa a nan. Daɗin abin, duk waɗannan ido yana ganinsu, kuma ana iya canza kayan ruwan gaba ɗaya tun kafin su yi ɓarna.

BMW 335i mai injin N54, wadda ta fito a 2006, tana da turbo biyu da ƙarfin doki 306. Daɗin tuƙi kam ba a magana. Amma famfon manta mai matsi ya ba da matsala har kamfanin ya yi kiranyen motoci kusan 130,000 a Amurka a 2010. Famfon ruwanta na lantarki ne, kuma yakan mutu ba tare da wani gargaɗin kirki ba. Ga nozul masu tsada, ga turbo da ke fara kaɗa ƙararrawa in sun tsufa. Kuma da yake man yana shiga silinda kai tsaye, ba ya wanke bawul, sai datti kamar gawayi ya taru a kansu, dole lokaci-lokaci a buɗe a kankare.

Golf GTI ta biyar mai ƙarfin doki 200 tana da wani ɗan ƙarfe kamar murfin kwalba tsakanin famfon mai da sandar kam. Shi kansa ba tsada, amma in ya cinye ya huje, sai ya tafi da famfon da sandar duka. Ta shida kuma abin da ke ɗaure sarƙar taimin ne ke saki, in sarƙa ta yi tsalle fistan ya haɗu da bawul, shi ke nan. Giyarsu ta DSG tana son canjin mai duk kilomita 60,000. Tambayi mai motar yaushe ya canza. In ya ce ai wannan giyar ba a canza mata mai, ka riga ka sami amsarka.

Ita kuwa M5 ta zubin E60 mai silinda goma da ƙarfin doki 507, malam, kalle ta a bidiyo kawai. Metal ɗin injinta kan cinye a ɓoye, kuma irin wannan ne ainihin ciwon da ba ya sallama.

Akwai kuma wanda ya shafi rai, ba aljihu ba. Yawancin BMW na waɗancan shekaru sun shiga kiranyen jakar iska ta Takata, wadda sinadarinta ke lalacewa da zafi da laima, har ta iya fashewa da ɓaraguzan ƙarfe a fuskar direba. Da lambar shasi ake bincikawa ko an canza ta. Kar ka tsallake wannan.

Alƙahira kanta tana cin mota

An ƙera waɗannan motoci ne don buɗaɗɗiyar hanya, inda iska ke ratsa lagireto. A nan kuwa za ka tsaya cak a kan Gadar 6 ga Oktoba ko Da'iri a watan Yuli, zafi ya doshi digiri 40, na'urar sanyaya ɗaki a kunne, iska ba ta shiga. A aji muna da ƙa'idar cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi, saurin lalacewar baƙin mai yakan ninka kusan sau biyu. Ma'ana, kilomita 150,000 na cunkoson Alƙahira ba ɗaya suke da 150,000 na babbar hanyar Jamus ba, don agogon mota tafiya yake ƙirgawa, ba awannin da inji ya yi yana dahuwa a tsaye ba.

Ƙara da ƙurar iskar khamasin da ke toshe matatar iska, da tudun rage gudu da ke kowane lungu yana gogar cikin gajeriyar mota. Gudun da ka saya kuma a ina za ka yi shi? Manyan hanyoyin cike suke da kyamarar kama gudu, tara kuma tana taruwa a kan lambar motarka.

Lissafin fam da dala

Nan ne ainihin maganar take. Kai fam ɗin Masar ke hannunka, ko naira da ake canzo maka, amma kayan gyara da dala da yuro ake shigo da su. A farkon 2022 dala ɗaya fam 15.7 ce. Bayan 6 ga Maris 2024 ta koma wajen fam 50. A ce wani kaya dala 500 ne: a farkon 2022 fam 7,850, bayan Maris 2024 kuma 25,000. Kayan bai canza ba, motar ma ƙara tsufa ta yi. A 2022 ɗin ma, da Babban Bankin Masar ya tsaurara ƙa'idar shigo da kaya, mutane sun ga yadda mota ke kwana a gareji ana jiran abu ɗaya.

Hanyar da kowa ke bi ita ce Taufiƙiyya a tsakiyar gari, ko Hirafiyyin, wadda ita ce Ƙofar Ruwan Alƙahira. A can za ka ji kalmar istirad, wato kayan da aka ciro daga mota a waje. Yakan yi araha, amma famfon da aka ciro daga mota mai shekara goma sha biyar, shi ma shekararsa goma sha biyar. Ga madubi ko ƙofa ba laifi. Ga abin da in ya mutu zai kashe inji, araha ba ta ado.

Sai fetur. Masu turbo 95 suke so, kada ma ka yi tunanin 80. Bayan ƙarin Afrilun 2025 litar 95 ta kai fam 19, ta 92 kuma 17.25. A ce kana kilomita 1,000 a wata, motarka na shan lita 14 a kowace kilomita 100 cikin cunkoso: fam 2,660 ke nan. Ƙaramar mota mai shan lita 8 ta 92, fam 1,380. Kusan ninki biyu, kafin a zo ga taya da birki.

Takarda ta fi inji haɗari

Inji in ya lalace kuɗi ke gyara shi. Takarda in ta lalace, motar ma sai ta gagare ka. Da yawa a nan da taukil ake ciniki, wato takardar wakilci da ake yi a ofishin Shahar al-Aƙari. Taukil ba mallaka ba ne. Motar tana nan da sunan wanda ke kan lasisi har sai an yi kwantiragin sayarwa an sauya suna a Murur, ofishin kula da ababen hawa. Motar da ta ratsa hannu uku a kan taukil, igiyarka tana hannun mutanen da ba ka taɓa gani ba.

Duba lasisi ko an rubuta hazar bai'i, alamar cewa banki bai gama karɓar kuɗinsa ba. Nemi shaidar cewa an biya duk tara. Gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke takarda, don masu son gudu suna yawan canza inji, kuma injin da ba shi da takardar kwastam zai tsaya maka a wuya ranar duba mota a Murur. Kai baƙo kuma, sai iƙamarka tana da rai. Ka tuna ranar gama karatu tana zuwa, kuma mai sayar da mota da tikitin jirgi a aljihu ba ya ciniki, karɓa kawai yake.

Ranar dubawa

Ka je da safe ka tarar da injin a sanyaye, ka taɓa da hannunka. Ƙarar sarƙa da hayaƙi a daƙiƙun farko suke fitowa, shi ya sa dillali mai wayo ke ɗuma mota kafin ka iso. Ka tafi da 'yar na'urar OBD mai haɗuwa da waya ta Bluetooth. Kar ka tsaya a kan cewa ba ta nuna matsala ba, duba gwaje-gwajen da kwamfutar motar ke yi wa kanta. In da yawansu ba su kammala ba, an goge bayanai kwanan nan, ko an cire batir, kuma ya kamata ka ji dalili. Taya kuma tana da lamba huɗu a gefe: 2319 na nufin mako na 23 a 2019.

Za ka ji ana ta cewa fabrika, wato fentin asali. Masarawa suna ba fenti muhimmanci sosai, amma ni dai na fi son motar da aka yi wa fenti tana da jakar rasit, a kan mai sheƙi wadda ba wanda ya san yaushe aka canza mata mai. A ƙarshe ka kai ta cibiyar duba motoci wadda kai ka zaɓa, a ɗaga ta sama, a auna matsin silinda. Mai motar da ya ƙi, ya taimake ka.

To, a saya ko a bari?

Ma'aunina shi ne: kashi biyu cikin uku na kuɗinka ka sa a mota, kashi ɗaya ka ajiye, ba ka taɓa shi sai gyara. In sai ka kwashe komai kafin ka iya sayenta, ba ka kai ba tukuna, kuma ba abin kunya ba ne. In ita kaɗai ce za ta kai ka jarrabawa, ko kuɗin na iyaye ne da aka turo don karatu, gaskiya da muguwar rawa gara ƙin tashi. Jirgin ƙasa na cikin gari yana nan, ba ya neman famfon ruwa.

Wanda kuma yake da abin ajiya, da bakanike amana da ya san irin motar, da haƙurin barinta ta yi sati biyu a gareji, to ya nemi mai sauƙin ciwo: marar turbo, wadda ba a taɓa wa kwamfuta ba, mai takarda da sunan wanda ke sayarwa. Ƙarfin doki 231 da ke tashi kullum ya fi 306 da ke jiran kaya daga Jamus.

A bidiyo na gaba in Allah ya yarda za mu gwada na'urar OBD mai araha da mai tsada a kan mota ɗaya, mu ga bambancin. Wanda ya taɓa riƙe irin waɗannan motoci, a nan ko a gida, ya faɗa mana gyaran da ya fi ƙona masa aljihu, don na baya su ƙaru. Sai mun haɗu.