Shirin Musamman: Masu Garkuwa da Kwamfuta

 Shirinmu na yau kan masu garkuwa ne, amma waɗanda ba sa riƙe bindiga. Su kwamfuta suke kamawa. Sai su kutsa cikin na'urorin kamfani, su kulle duk bayanan da ke ciki, su bar saƙo a fuskar allo: ku biya kuɗin fansa mu ba ku makulli.

Ku biyo ni zuwa ranar Talata, 27 ga Yuni, 2017. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa jiran kwantena daga Apapa ya san sunan Maersk, kamfanin jiragen ruwa na ƙasar Denmark. A wannan rana ma'aikatansa suna zaune sai allunan kwamfuta suka soma yin baƙi ɗaya bayan ɗaya, ana neman dala 300 a kuɗin bitcoin. Cutar kwamfuta ce ta afka musu, ta shigo ne ta wata manhajar lissafin haraji ta ƙasar Ukraine mai suna M.E.Doc, wadda aka ɗora a kwamfutar ofishin kamfanin da ke Odesa. Daga wannan kwamfuta guda ta bazu ko'ina. Tashoshin kwantena 17 suka tsaya cik, manyan motoci suka yi layi a bakin ƙofa, ba mai iya cewa ga abin da ke cikin wannan kwantena, ga inda za ta.

To ga inda labarin ya fi kama ni, kamar yadda ɗan jarida Andy Greenberg ya kawo shi a mujallar Wired a 2018. An tara masana a garin Maidenhead na Ingila domin su sake gina komai. Sun tarar da kwafin ajiya na kusan kowace na'ura, ban da nau'i guda: na'urorin da ke riƙe da rajistar kamfanin, waɗanda suka san wane ne ma'aikaci da kuma ƙofar da aka yarda ya buɗe. Kusan 150 ne, kowace tana kwafar 'yar'uwarta, don haka aka ɗauka ba za su taɓa mutuwa gaba ɗaya ba. Sai ga shi sun mutu gaba ɗaya. Idan babu su, ba abin da zai tashi.

Aka shiga buga waya ofis bayan ofis a faɗin duniya: akwai wadda ta tsira? Babu. Akwai wadda ta tsira? Babu. Har aka kira Ghana. Ashe kafin harin an ɗauke wuta a can, na'urar ofishin ta mutu, ba ta haɗe da intanet lokacin da cutar ke yawo. Ita kaɗai ta rage da rajistar. Ita kaɗai, masu sauraro!

Saura kai ta Ingila. Intanet ɗin ofishin ba shi da ƙarfin tura bayanai masu yawa haka cikin gaggawa, kuma babu ma'aikacin Ghana da ke da bizar Birtaniya. Sai wani ya ɗauko faifan ajiyar ya hau jirgi zuwa Najeriya, ya miƙa wa abokin aikinsa a filin jirgi, shi kuma ya tashi da shi zuwa filin jirgin Heathrow na Ingila. Daga baya shugaban kamfanin na wancan lokaci, Jim Hagemann Snabe, ya shaida wa taron Davos cewa cikin kwana goma suka sake ɗora manyan na'urori 4,000 da kwamfutoci 45,000, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

Wannan cuta, NotPetya, ko an biya ba makulli. Kamannin neman fansa kawai ta yi, ɓarna aka aiko ta yi, kuma Amurka da Birtaniya sun ɗora alhakinta kan sojojin Rasha. Abin da ya fi damuna shi ne gargaɗi ya riga ta zuwa. Ɗaya daga cikin ɓarakar da ta bi, Microsoft ya fitar da gyaranta tun watan Maris, a watan Mayu kuma cutar WannaCry ta bi ta wannan ɓaraka ta durƙusar da asibitoci a Birtaniya. Labari ya iso, amfani da shi ne ya yi ƙaranci.

Aikin masu leƙen asirin intanet ke nan: su san wane gungu ne ke farauta, ta wace ƙofa yake shiga, da wane kayan aiki, su sanar da kamfanoni tun kafin a zo kansu. Wata babbar garaɓasa ta faɗo musu a Fabrairun 2022. Wani gungun masu garkuwa da kwamfuta mai suna Conti ya fito ya ce yana bayan Rasha a yaƙin Ukraine, sai wani da ke da hanyar shiga cikinsu ya fusata, ya watsa dubun-dubatar saƙonninsu na sirri. Me aka gani? Kamfani sosai. Akwai albashi, akwai masu ɗaukar ma'aikata, akwai tara ga wanda ya yi sakaci, har da gwarzon ma'aikaci na wata. Akwai masu ciniki da wanda aka kama, suna binciken kuɗin shigarsa kafin su yanka masa farashi. Wanda ke fuskantar irin waɗannan mutane da kalmar sirri 123456, wallahi yana cikin haɗari.

Kuma salonsu na sauyawa. Tun ƙarshen 2019 gungun Maze ya soma kwashe bayanai kafin ya kulle, ta yadda ko kana da kwafin ajiya za su ce maka ko ka biya ko su tona asirin abokan cinikinka. A Satumban 2023, rahotanni sun nuna da kiran waya aka yaudari ma'aikatan kamfanin otal na MGM a Amurka aka samu shiga, kamfanin ya ce abin ya ci masa kusan dala miliyan 100. Kar mai ƙaramin kamfani ya ce ba ruwansa: a shekarar dai, kamfanin sufuri na KNP a Ingila, mai tarihin shekara 158, ya rufe bayan harin gungun Akira, mutum kusan 700 suka rasa aiki, kuma ana kyautata zaton kalmar sirrin ma'aikaci guda aka canka.

Biya fa? A Fabrairun 2024, da hukumar NCA ta Birtaniya da abokan aikinta suka ƙwace na'urorin gungun LockBit, sun tarar da bayanan wasu da suka biya fansa suna nan ba a goge ba.

Lokaci na neman ƙure mana. A Najeriya, cibiyar ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro tana fitar da sanarwar gargaɗi, mai kula da kwamfutocinku ya riƙa bibiyarta. Ku ajiye kwafin bayananku a faifan da ba ya haɗe da intanet, ku gwada shi lokaci zuwa lokaci, ku ƙara lambar tantancewa ta waya a kan kalmar sirri.