Daga jajin Nana Asma'u zuwa takardar NCE: Yadda aka faro horar da malamai a Sakkwato

Duk lokacin da aka tayar da zancen koma-bayan ilimi a Jihar Sakkwato, hankali ya fi karkata ga ajujuwa da kujeru. Sai dai tarihin wannan birni ya nuna cewa magabata sun fi damuwa da wata tambaya daban: wa zai tsaya gaban ɗalibai, kuma wa ya koya masa koyarwa?

Tun kafin zuwan Turawa, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye, ta karantar da ita, sannan ta naɗa ta jaji ta hanyar ba ta malafa da jan ƙyalle. Jaji kan koma garinsu da waƙoƙin wa'azi cikin Hausa da Fulatanci, ta koyar da matan da ba su da halin zuwa birni. Hikimar ita ce, malamar 'yar gari ce, kuma da harshen gari take magana.

Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, sai boko ya zo da tasa buƙatar. An buɗe Kwalejin Horar da Malamai ta Katsina a farkon shekarun 1920 domin samar wa lardunan Arewa malamai. Can Ahmadu Bello ya yi karatu, ya kammala a 1931, ya dawo ya koyar a Makarantar Midil ta Sakkwato har zuwa 1934, lokacin da aka naɗa shi Sarkin Rabah. Shehu Shagari ma ya riƙe alli a wannan makaranta kafin ya zama shugaban makarantar firamare a Argungu. A 1939 kuma aka buɗe cibiyar horar da malamai mata a Sakkwato, domin iyaye da dama ba sa yarda namiji ya karantar da 'ya'yansu mata.

A 1970 aka kafa babbar kwalejin horar da malamai a birnin, wadda daga baya ta zama Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika makarantu da yara fiye da yadda aka tanada, har aka riƙa yaye malamai cikin gaggawa. Wannan giɓi ne ya sa aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, domin malami ya ƙaro ilimi ba tare da ya bar ajinsa ba. Daga bisani aka daina karɓar takardar malanta mai daraja ta biyu a matsayin mafi ƙarancin shaida, NCE ta maye gurbinta.

Darajar takarda ta ƙaru, amma tsohuwar matsalar tana nan. Malamin da aka tura daga birni zuwa ƙauye mai nisa sau da yawa ba ya daɗewa, kuma inda babu malama mace, iyaye kan janye 'ya'yansu mata da wuri. Shi ya sa shirin tallafa wa ilimin 'ya'ya mata da Asusun UNICEF ya gudanar tare da gwamnatin jihar ya riƙa ɗaukar nauyin 'yan matan karkara su yi NCE, bisa sharaɗin su koma su koyar a garuruwansu.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a Sakkwato, ita ce ta jaji. Abin da ya rage shi ne a ɗauki waɗannan malamai aiki da zarar sun kammala, a kuma biya su a kan lokaci, domin kada horon ya tashi a banza.