Yadda Ake Kafa Tashar Tauraron Ɗan'adam a Bakin Daji

Akwai wurare da dama a ƙasar nan da wayar tarho ba ta kai ba, turken wayar salula kuma bai hango su ba: tashar auna ruwan sama a gefen hamada, ɗakin shan magani a ƙauyen da rafi ke yankewa duk damina, ko sansanin masu binciken ma'adinai a cikin duwatsu. Masu aiki a irin waɗannan wurare suna bukatar aika bayanansu a kan kari, domin rahoton ɓullar annoba da ya kwana bakwai a hanya ya riga ya rasa rabin amfaninsa. Hanya ɗaya da ta rage musu ita ce ta sama, wato ƙaramar tashar nan da masana ke kira VSAT, mai faranti da na'urar modam.

Kafin a taɓa sifana, wajibi ne a san abin da ake nema. Taurarin sadarwa da irin wannan tasha ke magana da su suna shawagi ne a nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa, daidai saman layin ikwaita. A wannan nisa, lokacin da tauraro ke ɗauka ya kewaye duniya ya yi daidai da wanda duniya ke ɗauka ta juya sau guda, saboda haka mai kallo daga ƙasa zai gan shi kamar an kafe shi wuri ɗaya. Marubucin nan na Ingila, Arthur C. Clarke, ya bayyana amfanin wannan falaki ga sadarwa tun cikin 1945, shekara 12 kafin a harba tauraron ɗan'adam na farko. A nan ne aka ajiye NigComSat-1R na Nijeriya, wanda aka harba daga ƙasar Sin a Disamba 2011, a kan digiri 42.5 gabas.

Alal misali, a ce tashar tana kusa da Kano, wato kimanin digiri 12 arewa da ikwaita, digiri 8.5 gabas. Lissafi zai nuna cewa sai farantin ya fuskanci digiri 107 a kan kamfas, gabas ke nan da ɗan karkata kudu, ya kuma ɗaga kai kamar digiri 48. Tsakaninsa da tauraron akwai tafiyar kilomita dubu 37. Da waɗannan alƙaluma ne ma'aikaci ke zaɓen wuri: ya tsaya, ya dubi wannan kusurwa ta sama, ya tabbata babu gini, babu dutse, babu itace. Ɗan dashen darbejiya da bai wuce kafaɗa ba yau, nan da shekara uku shi ne zai toshe hanya. Ganyen itace kuwa yana shanye saƙon sosai, musamman in ya jiƙe.

Daga nan sai turke. Aiki ne na magina, amma a kansa komai ya dogara. Ana haƙa rami a zuba kankare, a tsayar da bututun ƙarfe sak, a auna shi ta kowane gefe, a bar shi ya bushe sarai kafin a ɗora masa kaya. Turken da ya karkata yana ɓata duk awon da zai biyo baya, wanda kuma bai kafu ba iskar farkon damina za ta gwada shi.

A gaban farantin, a ƙarshen hannun ƙarfe, na'urori biyu ne ke zaune. Ɗaya kunne ce, ana ce mata LNB: tana karɓar saƙon da farantin ya tattaro, wanda ya iso da rauni ƙwarai, ta ƙarfafa shi, ta sauko da yawan kaɗawarsa daga wajen gigahaz 11 ko 12 zuwa tsakanin 1 da 2, domin wayar da ke shiga ɗaki ta iya ɗaukarsa ba tare da asara mai yawa ba. Ɗayar baki ce, ana ce mata BUC, aikinta kishiyar na farko: ta ɗauki saƙon modam ta ɗaga shi zuwa wajen gigahaz 14, ta cilla sama. Ƙarfinta a ƙananan tashoshi sau da yawa bai wuce wat biyu zuwa huɗu ba, ƙasa da ƙwan lantarkin ɗaki. Abin da ya sa wannan ɗan ƙarfi ke isa sararin samaniya shi ne farantin yana tattara shi ya zama siririn tsinke, maimakon ya watsu ko'ina.

Ita kuwa modam, a cikin ɗaki take. Ita ce tafinta tsakanin kwamfuta, mai magana da sifiri da ɗaya, da igiyar rediyo. Ana haɗa ta da kwamfuta, a loda mata bayanan da kamfanin sadarwa ya bayar: wane tauraro, wace kafa, da wane sauri. Sa'an nan a shigar mata da ainihin matsayin tashar kamar yadda na'urar GPS ta nuna. Wannan ba ado ba ne. Tashoshi masu yawa ne ke raba kafa guda, kowacce da ɗan lokacinta na magana wanda ake aunawa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Igiyar rediyo tana cin kilomita 300 a cikin wannan ɗan lokaci, don haka modam da aka yi wa ƙaryar inda take za ta yi magana a kan bakin wata, babbar tasha kuma ta ƙi saurarenta.

Saitin faranti shi ne inda ake gane gwani. Faranti mai faɗin mita 1.2 yana gani ne ta wata kafa da ba ta wuce digiri ɗaya da rabi ba, kuskuren digiri guda kuwa a wannan nisa ya kai kilomita 650. Ana fara ɗaga shi zuwa kusurwar da aka lissafa, tare da tuna cewa yawancin farantan nan fuskarsu tana nuna ƙasa da inda suke kallo da kusan digiri 20, gwargwadon ƙirarsu. Sa'an nan a riƙa juya shi a hankali, hannu na motsi ido na kan ma'aunin ƙarfin saƙo. Kamfas ba abin dogaro ba ne a kusa da ƙarfe, jagora ne kawai. Sau da yawa ma'auni kan tashi, murna ta kama mutane, alhali maƙwabcin tauraro aka kama, domin a wasu sassan falakin digiri biyu kacal ke raba su. Sai modam ta shaida cewa saƙon nata ne kafin a yarda. Ko wajen ɗaure noti akwai hattara, don ɗaurin gefe ɗaya da ƙarfi yana janye farantin daga inda aka sa shi. Ana ɗaurewa ne kaɗan-kaɗan, ana duban ma'auni.

Har yanzu tashar ba ta da izinin magana. Taurari da yawa suna amfani da kafa guda sau biyu, wani saƙo igiyarsa a tsaye, wani a kwance. Dole a murɗa bakin farantin ya dace da nasa, in ba haka ba saƙonsa zai zuba cikin na wasu, wata tasha a wata ƙasa ta rasa sadarwa ba ta san dalili ba. Saboda haka ma'aikaci kan kira cibiyar kula da tauraron, su umarce shi ya aika saƙon gwaji, suna kallo daga can suna cewa ya murɗa dama ko hagu har ɗigon ya ragu zuwa abin da suka amince da shi. A lokacin nan ba a yarda kowa ya tsaya tsakanin baki da faranti ba, kuma ba a kwance waya sai an kashe wuta, domin modam tana tura lantarki ta cikinta.

Idan layi ya buɗe, abu na farko da za a lura da shi jinkiri ne. Hawa da sauka tafiyar kilomita dubu 74 ce, rubu'in daƙiƙa ke nan, amsa kuma ta ci wani rubu'in. Babu gyaran da zai kawar da wannan, iyakar gudun haske ce. Taurarin Starlink, waɗanda suka fara aiki a Nijeriya a Janairu 2023, suna kewayawa ne a nisan kilomita 550 ko kusa da haka, shi ya sa jinkirinsu kaɗan ne, farantinsu kuma da kansa yake bin su.

Sauran abokan gaba na yanayi ne. Ruwan sama mai ƙarfi yana shanye igiyar gigahaz 12 da 14, layi ya yanke har hadari ya wuce. Ƙurar hunturu ba ta kai shi ɓarna ba, sai dai ta lulluɓe farantan sola ta rage cajin batir. A watannin Maris da Satumba rana kan bi ta bayan tauraron daidai, hayaniyarta ta danne saƙo na 'yan mintoci, kwanaki kaɗan a jere, sa'an nan ya dawo da kansa. Tsawa kuwa sai an yi mata hanya: sandar tagulla a cikin ƙasa, haɗe da turke da modam. Mahaɗin waya na waje ana naɗe shi da tef mai hana ruwa, a lanƙwasa wayar ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗige a waje. Kafin ma'aikaci ya tafi, yakan ja layi da fenti a kan turke da maƙalar faranti, ya rubuta ƙarfin saƙon ranar a manna kusa da modam, domin in iska ta taɓa saitin, wanda ke wurin ya iya faɗa ta waya ko layin fentin ya goce.