Jan Kaya a Kan Hanyar Burji: Yadda Ake Yi a Karkarar Ostireliya

A ci gaba da wayar da kan jama'a game da kiyaye haɗurra a hanyoyin karkara, mun ga ya dace mu yi bayani a kan yadda ake tuƙi a hanyoyin burji na ƙasar Ostireliya, musamman idan mota tana jan kaya a bayanta. Dalili kuwa shi ne, ƙura da gargada da ambaliyar damina da suke fama da su, su ne direbobinmu ke fama da su a tsakanin ƙauyuka da kasuwanni.

Yanayin hanyoyin

Mafi yawan mutanen Ostireliya suna zaune ne a biranen bakin teku. Tsakiyar ƙasar da arewacinta daji ne da hamada, inda mutum kan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita bai ga gari ba. Hanyar Gibb River da ke Jihar Ostireliya ta Yamma ta kai kimanin kilomita 660, kuma an gina ta ne a shekarun 1960 domin kwasar shanu daga makiyaya zuwa tashar jiragen ruwa. Hanyar Birdsville, wadda ta tashi daga garin Marree a Jihar Ostireliya ta Kudu, tsawonta kilomita 517 ne. Zafin yankin kuma ba abin wasa ba ne, domin a garin Oodnadatta an taɓa auna zafin da ya kai digiri 50.7 a ma'aunin Salshiyos a watan Janairun 1960.

Duk da haka, jama'a da yawa, musamman waɗanda suka yi ritaya daga aiki, suna bin waɗannan hanyoyi domin yawon buɗe ido. Sukan ɗaura wa motarsu wani ɗakin kwana mai taya da suke kira karaban, wanda ke ɗauke da gado da murhu da tankin ruwa, nauyinsa kuma yakan kai tan 2 ko 3.

Shiri kafin tashi

Abu na farko da ake dubawa shi ne nauyi. Kowace mota tana da iyakar abin da kamfanin da ya ƙera ta ya amince ta ja, kuma wuce wannan iyaka laifi ne. Haka nan doka ta wajabta wa duk tirelar da nauyinta ya haura kilo 750 ta kasance da birkin kanta. Idan ya haura kilo 2,000, sai an sa mata na'urar da za ta kama birki da kanta idan ta kwance daga jikin mota.

Tsarin lodi shi ma yana da ƙa'ida. Kaya masu nauyi ana ajiye su ne a ƙasa, daidai kan tayoyi, ta yadda kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin zai sauka a kan mahaɗar tirela da mota. Idan aka jibge kaya a can baya, tirela za ta riƙa lilo hagu da dama har ta fizge motar daga kan hanya.

Bayan haka sai guzuri. Matafiyi yakan ɗauki tayar safaya 2, da jak, da famfon iska, da mai da ruwan sha fiye da lissafin kwanakin tafiyarsa. Da yake wayar salula ba ta kamawa a mafi yawan dajin, ana riƙe rediyon oba-oba da wayar tauraron ɗan'adam, ko wata ƙaramar na'ura da ke aika saƙon neman agaji. Kafin ya tashi kuma yakan sanar da wani hanyar da zai bi da ranar da yake sa ran isa.

Tuƙi a kan burji

Gargada tana samuwa ne idan tayoyi suna tsalle a kan busasshiyar tsakuwa, suna tara ta kunya-kunya. Gudu da taka totur da ƙarfi da yawan birki suna ƙara mata muni. Girgizarta takan kwance noti, ta karya sifirin, ta kuma rage wa taya riƙon ƙasa. Saboda haka da zarar an sauka daga kwalta, direba yakan rage iskar tayoyin mota da na tirela domin su yi laushi, sannan ya rage gudu. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce kada a wuce kilomita 80 a sa'a, kuma a yi ƙasa da haka sosai a kwana da gangare. Idan an koma kwalta wajibi ne a mayar da iskar, domin taya mai ƙarancin iska tana ɗaukar zafi ta fashe idan ana gudu.

Idan tirela ta fara lilo, direba ba ya taka birki da ƙarfi. Yakan ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari a miƙe har mota ta natsu.

Ƙura ita ma babbar matsala ce. Akwai manyan motocin dakon shanu da mai waɗanda ke jan tirela 3 ko 4 a jere, tsawonsu kuma yakan kai mita 53.5. Idan irin wannan mota ta tunkaro, mai ƙaramar mota yakan kunna fitila, ya raɓe gefe, ya jira ƙura ta lafa. Ba a wuce mota a cikin ƙura, domin ba a ganin abin da ke gaba. Har ila yau ana guje wa tafiya da asuba da almuru da dare, saboda a lokacin ne shanu da raƙuman daji da dabbar nan kangaru ke fitowa kan hanya.

Damina da rufe hanya

A arewacin Ostireliya damina tana sauka ne daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, wato lokacin da mu muke cikin rani. A wannan lokaci rafuka kan cika, hukuma kuma takan rufe hanyoyin burji, ta kafa allo a mashiga, ta sanar a rediyo da intanet. Wanda ya bi rufaffiyar hanya ana cin sa tara. Hikimar ita ce, mota ɗaya mai nauyi idan ta bi jiƙaƙƙen burji takan bar kwari masu zurfi da sai an kawo gireda kafin a gyara su. Ko bayan an buɗe hanya, ana gargaɗin direbobi kada su shiga ruwa mai gudu ko wanda ba su san zurfinsa ba.

Idan mota ta lalace

Umurnin hukuma a nan guda ne: kada a bar mota. Masu neman ɓatacce sun fi saurin hango mota daga sama fiye da mutum, ga shi kuma tana ba da inuwa. An sha samun waɗanda ƙishirwa ta kashe bayan sun bar motarsu sun kama tafiya a ƙasa. Wanda ya ji rauni kuwa, akwai ƙungiyar likitoci masu zuwa da jirgin sama, wadda John Flynn ya kafa a garin Cloncurry a shekarar 1928, kuma har yanzu tana aiki.

Kira ga jama'a

Mu ba mu jan ɗakin kwana, amma taraktocinmu da motocinmu suna jan tirelar hatsi da taki da dabbobi, sau da yawa da mutane zaune a saman kaya. Muna kira ga direbobi da su daina wuce kima wajen lodi, su tabbatar da ƙarfin mahaɗa, su ƙara mata sarƙa, su kuma sa wa tirela fitila ko abu mai ƙyalli a baya. Ga shugabannin ƙananan hukumomi, waɗanda tsarin mulki ya ɗora wa kula da hanyoyin yankunansu, muna ba da shawarar a yashe kwalbatoci kafin saukar ruwa, a kafa alamar zurfi a mashigin rafuka, a kuma dakatar da manyan motoci na ɗan lokaci bayan ruwa mai ƙarfi. Hakimai da dagatai da shugabannin ƙungiyoyin direbobi su taimaka wajen isar da wannan saƙo a tashoshi da ranakun kasuwa, domin rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye mana hanya, amin.